Robar Gilashi: Yadda Za Ki Yanka Ta a Gida Ba Tare da Ta Tsage Ba

Ranar da ɗana na biyu ya cillo ƙwallo cikin falo ta sauka a kan hoton bikinmu, ban ma kalli hoton ba. Ƙafafunsa na fara dubawa, domin babu takalmi, ga ɓaraguzan gilashi warwatse a kan kafet. Allah ya tsare bai taka ba. Sau uku na share ɗakin, amma bayan kwana biyu sai da na sake tsintar wani siririn tsini a ƙarƙashin kujera, daidai inda ƙanwarsa take rarrafe.

A ranar na yanke shawarar cewa duk wani gilashi da hannun yara zai kai, zan raba shi da gidan. Maƙwabciyata mai yin kek ce ta ba ni shawarar in sa robar nan mai haske da masu allon talla suke aiki da ita. Ita ce take yin sunayen da take sokawa a kan kek ɗin suna da na biki. Na sayo guntu ɗaya na dawo gida da murna, na ɗauko babban almakashin ɗinki. Ina datsawa na ji "ƙas!", tsagar ta tafi tun daga wannan gefe har wancan. Na ce bari in yi dabarar da muke yi wa jarka, na ɗora wuƙa a wuta ta yi ja. Sai ƙauri ya cika kicin, bakin robar ya narke ya yi ƙuraje, kuɗina kuma sun tafi.

Da na koma wurin dattijon da ya sayar mini, ya juya guntun ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ba a yi mata ƙarfi. Lallaɓa ta ake yi."

"To Baba, nuna mini yadda ake lallaɓawar, don na gaji da asara."

Abin da ya nuna mini a ranar, da abin da na koya daga baya bayan na ɓata wasu guntayen, shi na kawo muku a yau. Abokan gabar wannan roba biyu ne, ƙarfi da zafi. Idan kika kiyaye su, ragowar aikin mai sauƙi ne.

Wace irin roba ce?

Sunanta akirilik. A kasuwa za ki ji ana ce mata Perspex ko Plexiglas, waɗanda sunayen da kamfanoni suka sa mata ne suka bi ta. A shekarun 1930 aka fara sarrafa ta. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Otto Röhm, ya yi wa sunan Plexiglas rajista a 1933, kamfanin ICI na Ingila kuma ya fito da tasa da sunan Perspex. A Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka riƙa yin tagogin jiragen yaƙi. Wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, ya lura cewa idan ɓarɓashinta ya shiga idon matuƙan jirgi, jiki ba ya faɗa da shi. Wannan ne ya sa a 1949 ya yi amfani da ita wajen dasa gilashin ido na farko ga wadda aka cire wa yanar ido. Mu kuma yawancinmu mun fara lura da ita sosai a 2020, lokacin korona, da aka riƙa kafa ta a gaban masu karɓar kuɗi a bankuna da shagunan magani.

Abin da ya sa ta dace da gidan da ke da yara shi ne, nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, tana barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya wuce, kuma ta fi gilashi jure bugu. Ba wai ba ta karyewa ba ne. Tana karyewa, sai dai takan rabu manya-manya, ba ta tarwatsewa zuwa ƙananan tsinaye irin waɗanda suka hana ni barci. Aibinta kuwa, tana saurin karcewa, kuma tana cin wuta.

Kafin ki saya

Cikakken falle yawanci ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wanda ya fi ƙarfin aikin gida da aljihun mai koyo. Ki je wurin masu yin allon talla ki tambayi ragowar da suka yanke. Sun fi araha, kuma idan kin ɓata ba za ki ji ciwo sosai ba.

Ki lura da kauri. Ta milimita 2 ko 3 ita ce ta fuskar hoto, sunan kan kek, maƙalin makulli da adon bango. Ta milimita 5 ta fi dacewa da abin da zai ɗauki kaya ko wanda yake da tsawo, kamar ƙasan tire ko maye gurbin gilashin taga, domin siririya tana lanƙwashewa idan ta yi tsawo. Mai koyo ta fara da ta milimita 3.

Iri biyu ce kuma. Akwai wadda aka zuba a mazubi ta daskare, sau da yawa za ki ga an rubuta "cast" a jikin takardarta. Ta fi tsada, amma ta fi daɗin yanka da hudawa. Akwai wadda aka matso ta inji, mai araha, wadda take saurin narkewa a bakin zarto. Dukansu suna aiki, sai dai ta biyun tana buƙatar ƙarin haƙuri.

Abu mafi muhimmanci: robar tana zuwa da takarda ko leda manne a fuskokinta biyu. Kada ki ɓare ta sai kin gama komai. Ita ce take kare ta daga karcewa, kuma a kanta za ki yi zane. Ni da na fara, ɓarewa na fara yi don in ga kyawunta, kafin in gama aiki ta zama kamar tsohon tabarau.

Kayan aiki

Ba sai kin sayi inji ba. Kina buƙatar rular ƙarfe, maka ko fensir, da wuƙar karta roba mai baki kamar ƙugiya. Idan ba ki samu ba, wuƙar yankan kwali mai reza za ta yi, ki yi amfani da bayan tsininta. Sai ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, magagari, samfefa, filaya, da tebur mai miƙaƙƙen baki. Ki sa tabarau ko da na rana ne, domin ɓarɓashi yana tsalle, da takunkumi idan za ki goga samfefa. Yara kuma su tafi wani ɗakin.

Miƙaƙƙen layi: karta ki ɓalle

Wannan shi ne abin da dattijon nan ya fara nuna mini, kuma shi ne rabin aikin gaba ɗaya. Wuƙar ba ta ratsa robar. Hanya kawai take yi mata, robar ta bi hanyar ta rabu da kanta.

Ki auna sau biyu, ki ja layi a kan takardar. Idan fuskar hoto za ki yi, ki rage kamar milimita 2 daga ma'aunin firem ɗin, zan gaya miki dalili a gaba. Ki ɗora rular ƙarfe a kan layin ki danne ta sosai, ko wani babba ya danne miki. Yatsunki su tsaya nesa da bakin rular.

Sai ki ja wuƙar daga can zuwa gabanki. Ja na farko ya zama a hankali, don ki kafa hanya kawai. Idan kika danna da ƙarfi tun farko, wuƙar za ta zame ta karce inda ba ki so. Ki maimaita a kan layi ɗaya sau biyar zuwa goma, kina ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, har sai kin ga ɗan kwari ya fito kuma siririn zare na roba yana fita. Ki tabbata kartar ta kai ƙarshen gefuna biyu. Inda karta ta tsaya, daga nan tsaga take kama gabanta.

Yanzu ki matsar da robar zuwa bakin tebur, layin ya zauna daidai bakin, kartar tana kallon sama. Ki danne ɓangaren da ke kan tebur da katako ko da tafin hannu, ki kama wanda ke waje, ki danna ƙasa lokaci guda ba tare da ɗari-ɗari ba. Za ki ji ƙara, ki ga ta rabu tsaf. Idan ta ƙi, kada ki yi kokawa da ita. Mayar da ita ki ƙara karta.

Wannan hanya tana aiki har zuwa kaurin milimita 5. Abin da ya fi haka na zarto ne. Idan kuma abin da za ki cire siriri ne, bai kai faɗin yatsa biyu ba, hannu ba zai kama shi da kyau ba, sai ki ɓalle shi da filaya kaɗan-kaɗan.

Da'ira, zuciya da tauraro

Karta da ɓallewa ba sa bin lanƙwasa. Nan sai zarto da magagari. Ki fara zana siffar a kwali, ki yanke ta da almakashi, ki ɗora a kan takardar robar ki zagaye da maka. Murfin tukunya ko bakin kofi sun isa su ba ki da'ira mai kyau.

Ga dabarar da'ira ga wadda ba ta da zarto. Ki fara fitar da murabba'i wanda da'irar ta zauna cikinsa daidai. Ki karta ki ɓalle kusurwoyi huɗun, ya zama mai gefe takwas. Ki sake ɓalle ƙananan kusurwoyin da filaya, sannan ki bi da magagari har ki iso layin. Yana cin lokaci, amma ina iya gama faifan ɗora kofi guda kafin tuwo ya nuna.

Idan da zarto ne, wanda ya fi bin lanƙwasa shi ne mai siririn baki da aka ɗaure a ƙarfe mai siffar harafin U. Zarton ƙarfe na makanikai ma yana yi, sai dai shi miƙaƙƙen layi ya fi so. Ki ɗora robar a kan tebur yadda wurin yankan zai kasance dab da baki, domin idan tana lilo, girgizar ce za ta tsaga ta. Ki yanka ɗan waje da layin, ki bar sauran ga magagari. Kada ki yi sauri. Akirilik tana fara laushi idan zafi ya ɗan haura na tafasasshen ruwa, kuma gogayyar zarto tana kai ta nan cikin ɗan lokaci. Da zarar kin ga ɓarɓashin ya daina zuba kamar gari ya fara dunƙulewa yana manne wa zarto, ki tsaya ta huce, ko ki ɗiga ruwan sabulu a wurin. In ba haka ba, yankan zai narke ya sake haɗewa a bayan zarton.

Zuciya da tauraro suna da wuri ɗaya mai haɗari, wato kusurwar da ta shige ciki. Duk tsaga daga irin wannan lungu take farawa. Maganinta shi ne ki fara huda ɗan ƙaramin rami daidai lungun, sannan ki yanko daga gefe biyu ki tarar da ramin. Lungun zai fito da ɗan zagaye, kuma zai daɗe.

Huda rami

A nan ne mutane da yawa suke asarar aikin da suka gama. Idan akwai injin huda a gidan, ki shimfiɗa katako a ƙasa, ki danne robar sosai, ki fara da siririn baki sannan ki ƙara girma. Injin ya juya a hankali, kada ki danna, musamman lokacin da bakin ya kusa fita ta ƙasa, domin a nan yake fizgar robar ta tsage. Ramin ya yi nesa da gefe da aƙalla ninki biyu na faɗinsa. Kada ki taɓa buga mata ƙusa.

Ga dalilin rage ma'auni da na ambata. Akirilik tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Mai tsawon mita ɗaya tana iya ƙaruwa da kusan milimita ɗaya da rabi idan zafi ya ƙaru da digiri 20, kuma tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a ƙasarmu ana samun fiye da haka. Don haka ramin noti ya ɗan fi notin faɗi, kada kuma a ɗaure shi tamau. Wadda aka matse ba ta da wurin motsi, sai dai ta kumbura ko ta tsage.

Gyaran baki

Bakin da aka ɓalle yana da kaifin da zai yanki yaro, saboda haka wannan mataki ba na ado ba ne kawai. Ki fara da magagari ki kashe kaifin, ki zagaye kowace kusurwa. Sai samfefa mai lamba 120 ko 180, ki koma 400, ki ƙare da 600 kina jiƙa ta da ruwa. Lambar tana bayan takardar, kuma yadda ta ƙara girma haka laushinta yake ƙaruwa. Ki naɗe samfefar a guntun katako don bakin ya miƙe. Idan kina son ya yi sheƙi, ki shafa ɗan man goge baki a tsumma mai laushi ki murza. Gwajin da nake yi shi ne in shafa bakin a bayan hannuna. In ya karce ni, bai isa hannun yaro ba.

Masu sana'ar suna goge baki da harshen wuta, suna kuma haɗa roba da roba da wani ruwa mai ƙarfi da tiririnsa ke da illa ga numfashi. Waɗannan biyun ki bar musu. A gida, salatef mai manne fuska biyu ya isa ga adon bango. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa yakan bar farin tabo kamar hazo a jikin mai haske.

Lokacin da ya kamata ki kai wa masu inji

Sunan jaririya da rubutu mai lanƙwasa, ko ado mai ƙananan ramuka, ba aikin zarto ba ne. Waɗanda kike gani a kan kek na'urar leza ce take yanka su, kuma masu allon talla da yawa a manyan garuruwa suna da ita. Kina iya tura musu zanen ta WhatsApp. Ki ce a haɗe haruffan da juna, kada kuma a yi su sirara sosai, in ba haka ba za su karye a hanya. Idan sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki nemi a turo miki hotonsa kafin a yanka, domin ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da su ba. Kuma ki tabbata akirilik ce kika kai. Robar PVC tana fitar da iska mai guba idan leza ta ƙona ta.

Kula da ita a gida

Ƙura tana son wannan roba, kuma ƙurar hunturu yashi ce. Idan kika goge ta a bushe, kamar kin goga mata samfefa ne. Ki zuba ruwa ya ɗauke ƙurar, ki wanke da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi. Ki nisanta ta da ruwan goge farce, da sanitaiza, da turaren fesawa, da ruwan goge gilashi. Suna dusashe ta, ko su sa ta yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, musamman a bakin da leza ta yanka, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Sai wuta. Kada ki rataye ta kusa da murhu ko gas, kada ki ɗora mata tukunya mai zafi, kyandir, ko kaskon turaren wuta. Tiren akirilik yana da kyau a ɗakin amarya, amma garwashi ɗaya ya isa ya huda shi, kuma idan ta kama wuta tana ci sosai.

Idan siffofin wasa za ki yi wa yara, da'ira da murabba'i da alwatika don koyon launi da lissafi, ki yi su manya. Duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Bayan aiki ki share wurin da jiƙaƙƙen tsumma, domin guntun roba mai haske ba ya ganuwa a ƙasa. Rigakafi ya fi magani.

Daga ina za ki fara?

Ki fara da abin da na fara da shi, fuskar hoto. Layi huɗu ne miƙaƙƙu, babu rami, babu zarto. Idan hannunki ya faɗa, ki gwada faifan ɗora kofi, sai ma'aunin yankan wuya ko aljihu ga mai ɗinki, wanda ya fi na kwali daɗewa kuma ana ganin yadin ta cikinsa. Daga nan sai adon bango da irin mai kama da madubi. Guntu biyu ko uku na farko ki ɗauke su kuɗin makaranta.

Hoton bikinmu ya koma inda yake a bango. Ƙwallo ta sake samunsa a watan jiya, ya faɗo, na ɗauka na mayar, ban ko ɗauko tsintsiya ba.

Idan kin gwada, ki gaya mana a ƙasa abin da kika yanka da inda ya ba ki wahala, wata 'yar'uwar za ta ƙaru. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a abin da hannuwanmu suke yi.